Tarihin Awon Batir da Sana'ar Masu Cajinsa

A cikin hajojin da ake kasawa a kasuwannin zamanin nan, da wuya a sami wadda aibinta ya kai na batir ɓoyuwa. Wanda ya zo sayensa, ko na mota ne, ko na wayar hannu, ko kuwa manyan nan da ake haɗawa da farantan hasken rana, ba ya ganin kome face akwati rufaffe, wanda nauyinsa da launinsa da rubutun da ke jikinsa ba su sakewa tun daga ranar da ya bar masana'anta har ranar da ya daina aiki. Abin da ake biyan kuɗi dominsa yana can a baɗini, ido bai kai gare shi, hannu bai taɓa shi. Don haka tun lokacin da ɗan Adam ya sami dabarar tara wutar lantarki a mazubi, ya zama tilas ya nemi mizanin da zai gaya masa nawa ya tara, nawa kuma ya rage. 'Yar na'urar nan mai jar waya da baƙar waya, wadda masu gyara ke kira mita, ita ce inda neman ya kawo a yau. Tana da isnadi mai tsawo, kuma wanda ya bi isnadin nan daki-daki zai gane inda shaidarta take karɓaɓɓiya, da inda ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

Mizani na farko jikin mutum ne. Wani masani mutumin Ingila, Henry Cavendish, wajen shekarar 1781, da yake ba shi da na'urar awo, sai ya riƙa barin wutar da ya tara a kwalabe ta ratsa jikinsa, yana ƙiyasta ƙarfinta da gwargwadon girgizar da ya ji, da haka ya kwatanta yadda ruwan gishiri iri-iri ke ba wuta hanya. Shi ma Alessandro Volta, malamin jami'ar Pavia ta ƙasar Italiya, wanda a watan Maris na 1800 ya aika wa majalisar masana ta Landan wasiƙar bayanin batir na farko, watau faya-fayan tutiya da na azurfa ko jan ƙarfe da aka jera bisa juna da jiƙaƙƙen ƙyalle a tsakaninsu, da harshensa ya fara ɗanɗanar wutar da ƙarafa biyu ke haifarwa. Al'adar ba ta mutu ba, har yau akan ga mai gyaran rediyo ya ɗora kan ƙaramin batir a harshe, in ya ji tsami-tsami ya ce da sauran rai. Harshe dai iyakarsa ya ce akwai ko babu, ciniki kuwa da adadi ake yin sa.

Buɗin da ya kawo adadi ya zo ne a 1820, a ƙasar Danmak, inda Hans Christian Oersted ya lura cewa allurar maganaɗisu, irin wadda matafiya ke neman jiha da ita, tana karkata idan wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Johann Schweigger, a garin Halle na Jamus, ya naɗe wayar sau da yawa kewaye da allurar domin karkatar ta ƙaru, aka sami kakar dukan mitoci masu allura. Da kayan aiki irin wannan ne wani malamin makaranta a birnin Kolon, Georg Simon Ohm, ya zauna neman ƙa'idar da ta haɗa abubuwa uku: ƙarfin da ke tura wuta, da yawan wutar da ke gudana, da turjiyar da waya ke yi mata. Gwajinsa na farko, a 1825, ya ba shi ƙa'ida karkatacciya, dalili kuwa shi ne batirin da yake aiki da shi ba ya tsayawa a kan hali guda: da zarar an haɗa masa waya ya fara ba da wuta sai ƙarfinsa ya sauka, in an cire ya farfaɗo. Sai da ya jingine batir, bisa shawarar Johann Poggendorff, ya koma samar da wuta ta hanyar haɗa ƙarafa biyu, mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗaya cikin ƙanƙara, kana ya kai ga ƙa'idar da ya bayyana a littafinsa na 1827. A cikin lissafinsa kuwa ya keɓe wani kaso na turjiya wanda ba na wayar da ake gwadawa ba ne, na sauran kayan ne har da tushen wutar kansa. Turjiyar nan ta cikin batir ita ce ke ƙaruwa a hankali yayin da yake tsufa har ta kashe shi, ita ce kuma abin da mita, in an ɗora ta a kan batirin da ke zaune ba aiki, ba ta iya gani ko kaɗan. Wannan mas'ala ta wahalar da mai ƙa'idar kansa shekara ɗari biyu da suka wuce, ita ce kuma ke cinye kuɗin masu saye a yau.

Batirin Volta da waɗanda suka biyo shi, in sun ƙare sun ƙare. Wanda ake iya sake cikawa Gaston Planté ne ya ƙago shi a Faris a 1859, da ya naɗe fallayen darma biyu, ya raba su da abin da zai hana su taɓa juna, ya tsoma su cikin asid na farar wuta da aka sirka da ruwa, wanda mu muka sani da ruwan batir. A 1881 Camille Faure ya zo da dabarar shafa wa fallayen kwaɓin garin darma tun daga masana'anta, ya rage dogon lokacin da ake ɗauka kafin batir ya kama caji, sai batirin darma ya fita daga ɗakin bincike ya shiga kasuwa. Allah da ikonsa, wannan batir ya zo da wata falala da waɗanda suka biyo bayansa ba su gada ba, watau ruwansa yana ba da labarin cikinsa. Sa'ad da yake ba da wuta, asid yana barin ruwan ya kama jikin fallayen ya zama farin gishiri, ruwan ya yi ta raguwar nauyi. Sa'ad da ake caji kuwa, asid ya saki fallayen ya koma ruwan, nauyi ya dawo. Ruwan cikakken batir yana ninka nauyin ruwa zalla kimanin sau 1.27, na wanda ya sauka ƙasa kuwa wajen 1.12. Ashe wanda ya iya auna nauyin ruwa ya iya karanta batir gida-gida.

Awon nauyin ruwa kuwa tsohon ilmi ne, malaman Musulunci suna da babban rabo a cikinsa. Abu Raihan al-Biruni, wanda ya rasu a tsakiyar ƙarni na 11, ya auna nauyin zinariya da azurfa da darma da duwatsu masu daraja bisa gwargwadon ruwan da kowannensu ke turewa, adadin da ya samu kuma bai yi nisa da na masu awon zamani ba. Bayansa Abdurrahman al-Khazini, 'yantaccen bawa ɗan asalin Rum da ya zauna a birnin Marwa na Khurasan, ya kammala littafinsa Mizanul Hikma wajen 1121, zamanin Sultan Sanjar, yana nufin a sami ma'aunin da zai bambance zinariya tsantsa da wadda aka yi wa algus, da yaƙutu na gaske da na jabu. A cikin littafin ya siffanta wani bututu mai alamomi da ake tsomawa a ruwa, ya nutse da yawa in ruwan mai sauƙi ne, ya taso in mai nauyi ne, ya kuma danganta shi ga Pappus na Yunanawa, kamar yadda amanar ilmi ta hukunta. Antoine Baumé, mai haɗa magunguna a Faris, ya tsara wa irin wannan bututu matakai tsayayyu a 1768, daga baya aka sa shi cikin kwalba mai robar zuƙa a kai, ya zama ma'aunin ruwan batir da tsofaffin masu caji ke ratayewa a bango. Raina yana daɗi in na tuna cewa ilmin da aka raya domin tona algus a baitulmalin sarki shi ne ya sauko har rumfar talaka yana yin aikinsa na asali.

A 1881 ɗin da Faure ya zo da dabararsa, masanan lantarki suka taru a Faris suka yi ittifaƙi a kan ma'aunai: bolt ga ƙarfin turawa, amfiya ga yawan gudana, om ga turjiya. Da shekara ta zagayo Jacques-Arsène d'Arsonval da Marcel Deprez suka juya tsarin Schweigger, suka tsayar da maganaɗisu wuri guda, suka bar ɗan naɗin waya shi ne ke juyawa, Edward Weston kuma a Amurka ya mai da shi na'urar da ake ɗauka a hannu a 1888. Sai dai kowane awo da na'urarsa, har wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, ya gaji da dakon akwatuna in zai fita duba layuka, ya tsara akwati guda mai allura guda da ke yin awon nan uku. Aka fara sayar da ita a 1923 da sunan AVO, samfurinta na 8 da ya fito a 1951 kuma aka yi ta ƙera shi har 2008.

Fitowarta ta dace da bunƙasar sana'ar caji. Tun 1912, da Charles Kettering ya sa wa motar Cadillac sitata mai aiki da lantarki a maimakon hannun da ake juya inji da shi, a hankali mota ta zama ba ta da tashi sai da lafiyayyen batir. Daga 1922, da BBC ta fara watsa shirye-shirye, rediyo ya shiga gidajen Ingila waɗanda da yawansu ba su da wutar lantarki, yana cin batirin darma na bolt 2 a cikin kwalbar gilashi, wanda akan ba yaro ya kai garejin unguwa ko shagon mai keke mako-mako, a cika shi a kan 'yan kwabbai. Ƙasar Hausa ta san wannan sana'a ta hanyar mota, tun zamanin lorin da ke jigilar gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa, aka sami mutumin da aikinsa ke nan a gefen tasha ko cikin gareji: mai cajin batir, da rigarsa da asid ya hudhuda, da jerin batura a ƙasa suna tsuwa a hankali. Daga baya batirin mota ya shiga ƙauyuka yana ɗaukar talabijin da lasifikar wa'azi da ta biki, a kai shi gari ranar kasuwa a cika.

Tsohon mai cajin nan shaidu uku yake nema kafin ya yanke hukunci. Yana buɗe murafan gidajen batir shida ɗaya bayan ɗaya, ya zuƙo ruwan kowanne ya auna, in ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa ya ce wannan gida ya mutu. Yana duba launin ruwan, in ya yi ja-ja ko ya gurɓace ya san fallaye sun fara zuba. Sa'an nan yana da wani ƙarfe mai ƙafa biyu, da mita a tsakiya, da kakkaurar waya mai jan wuta da yawa, wanda yake dannawa a kan batir na 'yan daƙiƙoƙi ya ga ko allura za ta tsaya ko za ta zube. Wannan na uku shi ne gwaji na haƙiƙa, gama batir kamar jaki ne, yana tsaye a turke ba a bambance mai ƙarfi da mai ciwon baya sai an aza mangala. Akwai kuma wata mummunar al'ada da ta zauna tare da waɗannan, ta goga waya tsakanin kawunan batir biyu a ga tartsatsi. Tana lalata fallaye, ga shi iskar da batir ke fitarwa lokacin caji mai kamawa da wuta ce, tana iya fasa shi a fuskar mai yi, asid ya tafi da idanu.

Abin da ya auku daga baya shi ne shaidun nan sun yi ta raguwa, mita kuwa tana ta araha. Tun 1899 Waldemar Jungner na ƙasar Suwidin ya ƙago batirin nikel da kadmiyam, wanda nauyin ruwansa ba ya sakewa da caji, saboda haka bututun awo ba shi da ta cewa a kansa. Daga shekarun 1970 masana'antu suka shiga rufe batirin darma ruf, ba murfi, ba ƙarin ruwa. A 1991 kamfanin Sony na Japan ya kawo batirin litiyam kasuwa, wanda buɗe shi ma kansa haɗari ne. A ɗaya gefen kuma mita mai nuna lambobi, wadda da can sai manyan ɗakunan bincike ke iya saye, ta zama ta hannu da kamfanin Fluke na Amurka ya fitar da tasa a 1977, yau kuwa masana'antun Sin sun sa ta cikin ikon kowane ɗan koyo. Da wayar hannu ta fara bazuwa a Nijeriya daga 2001, wutar gwamnati kuma ba ta zama, rumfunan caji suka bazu ko'ina, kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ta cika da masu gyara, cinikin batirin inbata da na sola, sabo da na hannu, ya haɓaka a manyan garuruwa. Kusan kowane mai wannan harka yana da mita a aljihu, sau da yawa kuma ita kaɗai ce bayyinar da ake kawo wa mai saye.

Ba na raina shaidarta, gaskiya take faɗa a kan abin da aka tambaye ta. Idan aka juya makunni zuwa awon bolt na wutar batir, aka zaɓi matakin 20, aka ɗora jar waya a kan da ke da alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa, batirin darma mai gida shida da ya huta zai nuna 12.6 ko 12.7 in cike yake, 12.4 in saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 in rabi, 12.0 in ya kusa ƙarewa; wanda ya maƙale a wajen 10.5 bayan an yi masa caji, galibi gida ɗaya ne ya haɗe a ciki. Tazarar da ke tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa ba ta kai bolt guda ba, shi ya sa lambar bayan ɗigo ita ce abin dubawa. Sharaɗin hutu kuwa wajibi ne, domin batirin da aka cire daga caji yanzu yana iya nuna 13 ko fiye ko da ya lalace, sai ya yi sa'o'i a ajiye, ko an kunna masa fitila na 'yan mintoci, kafin wannan ƙarfi na sama-sama ya kau. Ƙananan batura na nikel masu bolt 1.2 sun fi wuyar karantawa, gama suna zama kusa da wannan adadi kusan dukan tsawon aikinsu, sa'an nan su faɗi farat ɗaya. Na litiyam irin na tocila da na kwamfuta yana cika a 4.2, yana ƙarewa wajen 3.0, in ya kumbura, ko ya daɗe a ƙasa da 2.5, hankali shi ne a rabu da shi, don sake cika shi na iya jawo gobara.

Dukan waɗannan lambobi suna faɗin ko batir ya cika ne, ba su faɗin girman abin da ya cika. Mita ta zamani tana da turjiyar om miliyan 10, watau kusan ba ta jan wuta sam, saboda haka tsohon batirin da farin gishiri ya daskare a fallayensa, wanda bai fi rubu'in ƙarfinsa ya rage ba, zai iya cika da wuri ya nuna mata adadi irin na sabo. Zafin ƙasarmu yana gaggauta wannan tsufa, domin an ƙiyasta cewa ƙarin zafi na kimanin digiri 10 a bisa 25 yana raba rayuwar batirin darma biyu, bazarar Kano da Sakkwato da Damagaram kuwa tana haura 40. Magani shi ne a dawo da shaida ta uku da mitar da ke hannu. A bar wayoyinta a kan batirin mota, wani ya tayar da inji: in lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 batirin ya gaza, in inji ya tashi ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4 na'urar cajin motar lafiya take. Batirin inbata kuwa da agogo ake gwada shi, domin wanda aka rubuta wa 100 a jikinsa alkawarin da ya ɗauka shi ne ya ba da amfiya 5 har tsawon sa'a 20 kafin ya sauka zuwa 10.5, kuma ƙwan fitilar mota da mita da haƙuri sun isa a gane ko ya cika alkawarin ko rabinsa ya cika. Da irin wannan gwaji ake kama ƙananan baturan litiyam irin na tocila da ake rubuta wa 9,900, alhali mafi kyawun masu wannan girma ba su kai rabin haka ba. Abu guda kada ɗan koyo ya yi, ya ɗora mita kai tsaye a kan batir tana matakin amfiya. Haɗa kawunan biyu ke nan kai da kai, fis zai ƙone, in babu fis wayoyin su narke a hannunsa.

Malamanmu na fiƙihu na da ba su san batir ba, amma sun san wannan mas'ala sarai. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana ɓoye aibin haja a babin ciniki, mazhabar Malikiyya kuma ta ba mai saye haƙƙin mayar da abin da ya tarar da tsohon aibi a cikinsa. Mai sayar da batir na hannu da ya cire shi daga caji yanzun nan, ya ɗora mita, ya nuna wa mai saye 13, alhali ya san ba zai riƙe fanka sa'a biyu ba, tadlisi ya yi, watau ɓoye aibi, ko da lambar da ya nuna ba ƙarya ba ce. Da yawa kuma ba da gangan suke yi ba, haka aka koya musu, babu wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai awo na biyu. Saboda haka nake roƙon shugabannin ƙungiyoyin masu gyara da malaman makarantun koyon sana'a, kada su yaye yaro alhali bai iya gwada batir yana ɗauke da kaya ba, su kuma sa ya zama al'adar kasuwa a ajiye ƙwan gwaji kusa da mita a kowace rumfa. Kai kuma mai karatu, ran da ka je sayen batir na hannu, ka tambayi sa'ar da aka cire shi daga caji, ka ce a haɗa masa kaya a gabanka, ka zuba wa lambar ido na minti biyar kafin ka ƙirga kuɗi.